Kyamarar da Muka Kafa wa Inna

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta, ina roƙon Allah Ya sa kana kwance cikin ni'ima, Ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, miƙo mini za ka yi ka ce in karanta maka, rubutun bokonmu ƙanana ne ba ka ganinsa. Amma maganar ta tokare mini wuya, kuma duk wanda zan iya gaya wa, shi ma yana cikinta. Ni ce Saude.

Bari in fara da labarai masu sauƙi. Damina ta yi albarka bana. Kawu Iro ne ya noma gonarka ta bakin rafi, ya sa masara da waken suya, ya yi ta mitar tsadar taki amma ya samu. Shanun huɗarka an sayar, ba wanda zai iya da su. Liman ya bi ka bayan ƙaramar salla, ƙila ma kun haɗu. Jikarka Ummi ta shiga sakandare, ta yi tsawo har ta kusa kamo ni, kuma har yanzu idan muka wuce masu goro a tashar Funtua sai ta ce ga irin na Baba. Shi ke nan masu sauƙin. Saura na Inna.

Ka tuna ranar nan da bazara, ciwo ya ci ƙarfinka, ka sa kowa ya fita ka ce ni in tsaya in yi maka fifita? Ka ce mini kada mu bari a fitar da uwarmu daga ɗakinta. Ka ce tun tana yarinya aka kawo ta gidan nan na Ƙarfi, ba ta iya kwanan wani wuri ba, in aka ɗauke ta bushewa za ta yi a tsaye. Na ce to. Me zan ce ban da to, kana numfashi da ƙyar? Amma akwai abin da ban faɗa ba a ranar, yau zan faɗa. Don me sai ni, Baba? Ga Yaya Sabi'u, shi ne babba, shi ne namiji, shi ake jin maganarsa. Ni mace ce a gidan wani, malamar firamare, ko motar kaina ba ni da ita. Ka ɗora mini kayan ka juya ka tafi. Wallahi na ji tsoro a ranar, murmushin da ka gani na ƙarfin hali ne.

Ana gama addu'ar bakwai Yaya ya yanke magana. Ya ce da zarar Inna ta fita takaba zai zo ya tafi da ita Kaduna. Kuma in zan yi masa adalci, yana da hujja. Ga gwiwoyinta, ga hawan jini. Jikokin duk suna makaranta, kuma da irin labaran da ake ji na ɓarayin daji a hanyoyin nan, wace uwa ce za ta ba da 'yarta ta zauna ƙauye da tsohuwa? Ƙanwarka Gwaggo Asabe tana leƙowa sau ɗaya a yini, amma ita ma ai neman mai leƙa ta take yi. Zancen Inna ta dawo wurina Funtua kuwa ko tayar da shi ba a yi ba. Ka fi ni sanin Inna ba za ta kwana gidan suruki ba ko duniya za ta tashi.

Na gaya wa Yaya abin da ka ce. Sai ya ce shi ba ka gaya masa ba. Ya ce in ina da dabarar da tsohuwa za ta zauna ita kaɗai lafiya, in kawo kafin takaba ta ƙare.

To daga nan na shiga bincike. Kullum na taso makaranta, na sauke tukunya, sai in zauna da waya. Ashe abin duniya guda ne, Baba. Ashe har Turawa suna da tsofaffi masu taurin kai irin na Inna, waɗanda suka ce ba inda za su, kuma an ƙera musu kayayyaki iri-iri don su tsufa a gidajensu. Na ga gidan da ake yi wa magana ya kunna fitila. Na ga shimfiɗar ƙasa da take gane mutum ya faɗi ta kira asibiti da kanta. Na ga akwatin magani mai ƙara in lokaci ya yi. Wani lokaci har dariya nake yi ni kaɗai. Na'urar da sai an yi mata Turanci, ina ita ina Inna? Ƙofa mai kulle kanta, mu da ƙyaurenmu na langa-langa ne ana tokare shi da taɓarya? Ga shi wutar lantarki rabon da ta leƙo unguwarmu har an manta, sabis mai ƙarfi kuma sai ka tsaya daidai bakin zaure kamar mai jiran baƙo. Datar da na ƙona a watannin nan Allah kaɗai Ya sani.

Da na gaji da kallon gidajen mutane sai na koma na kalli yinin Inna. Ina take iya faɗuwa? Fitowar alwalar asuba cikin duhu. Bakin rijiyar nan ta bayan rumbuna, inda ƙasa ba ta bushewa. Tsugunon makewayi da tashinsa. Da wannan na je shagon Emeka, wani ɗan Ibo haifaffen Funtua mai sayar da kayan sola, Hausarsa kamar ta jikanka. Muka zauna muka tankaɗe, muka zubar da abin da ba zai yi a ƙauye ba. Muka tsaya a kan sola da batir, da fitilu masu kunna kansu in sun ji motsi, da injin da zai jawo ruwan rijiya zuwa tanki a sa famfo a tsakar gida. Sai wani ɗan maɓalli da ake ratayawa a wuya, in aka danna wayata ta yi ƙara. Ƙarfen dafawa na makewayi kuwa maƙerin Ƙarfi na sa ya yi.

Surukinka, baban Ummi, shi ya kwaso kayan, shi ya hau rufin da kansa cikin rana yana riƙe wa masu aikin. Ka san halinsa, ba ya iya zama ana aiki. Inna tana ɗaki duk yinin, sai ta aiko da fura a ba su.

Da ka ga yadda ta karɓi kayan da ka yi dariya har ka ƙware. Ranar farko da fitilar ƙofarta ta kunna kanta, sai da ta ja da baya ta yi a'uziyya. Maɓallin wuyan kuwa ta ce ba za ta rataya ba, ita mai takaba ce, ba ta sa sarƙa. Na yi bayani har bakina ya bushe, na ce roba ce, ba ado ba ne. Ta ce komai aka rataya a wuya sarƙa ne. Haka ya zauna a ƙusa har ta fita. Amma famfon ya shiga ranta. Na kama ta tana buɗewa tana rufewa, tana kallon ruwan, ta ce ikon Allah, rijiyar Malam ce ta biyo ta har ƙofar ɗaki.

Ranar fitar takaba Yaya ya zo da motarsa, ya ma share kujerar baya. Ya zaga gidan, ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Ya ce duk ya gani, an yi ƙoƙari, amma in ta faɗi ba ta iya danna komai ba fa, wa zai sani? Ya ce sharaɗinsa ɗaya ne. A kafa kyamara a tsakar gida yadda za a riƙa ganinta a waya, in ba haka ba yau ɗin nan za ta bi shi. Kuma duk ranar da aka rufe ta ko aka kashe, magana ta ƙare. A gaban Inna ya faɗa, tana jin komai, kanta a sunkuye. Ka san ba ta haɗa ido da shi, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa.

Ni ban ga aibu ba. Ba cikin ɗaki za a sa ba, saman ƙofar zaure ne ta ciki, tana ganin ƙofar ɗakinta da murhu da famfo. Na zaunar da Inna na ce mata ni ce zan riƙa ganinta, ni kaɗai, don Yaya ya ce shi ba shi da lokacin zaman kallon waya. Ta ce in dai ke ce ai ba komai, ni na yi miki wanka, kalle ni ki more. Aka kafa. Yaya ya koma Kaduna da kujerarsa ba kowa.

Baba, makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗin da na yi tun rasuwarka. Ana tashi tara a makaranta sai in ciro waya. Ga Inna tana shara. Ga ta tana watsa wa kaji tsaki tana yi musu faɗa. Ga ta a tabarma, ta tuɓe ɗankwali, furfurarta a waje, tana shan iska. Akwai ranar da na gan ta ta juya wajen turakarka tana magana tana nuni da hannu, kamar yadda take yi in ka manta butarka a rana. Na shiga ofis na rufe ƙofa na yi kuka, amma kukan daɗi. Na ce a raina, Baba, ka gani, ga ta a ɗakinta.

Sai wayata ta fara ba ni wahala. Tsohuwa ce, kyamarar na sa ta zafi tana mutuwa, ga hedimasta ya hana riƙe waya a aji. Baban Ummi kuwa yini yake a shagonsa na iri da maganin feshi, sabis ba ya yanke masa. Ya ce a sa masa a tasa wayar ya riƙa taya ni dubawa, ido biyu ya fi ɗaya. Na ce Allah Ya saka. Ko daƙiƙa ban tsaya na yi tunani ba. Kuma ban gaya wa Inna ba, don ban ɗauka akwai abin gayawa ba.

Ni fa na sani, Baba. Na san tun da aka yi aurena Inna ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba. Na san in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita tana ciki ta ja mayafi har goshi. Na taso ina ganin haka a kowane gida. Amma a kaina wannan na ido da ido ne. Ban lissafa waya cikin ido ba. Duk karatun da na yi a kan kayan nan, ba inda aka ce a kula da suruki.

Da kaka ta yi, Kawu Iro ya kawo mata rabonta na masara, ta shanya a tsakar gida. Wata safiya tana zaune da ɗaurin ƙirji, ba ɗankwali, tana cin ɗumame da hannu, akuyarta ta tsinke igiya ta faɗa wa masarar ta bayanta. Baban Ummi yana gani daga shago. Sai bawan Allah ya kira ta a waya, ya gaishe ta da ladabi, ya ce Inna akuya na cin masara a bayanki. Ta ce to, ta gode, Allah Ya yi albarka. Da yamma ya dawo yana ba ni labari yana jin daɗi, wai yau ya ceci buhu guda daga Funtua. Na yi dariya, Baba. Har na ce masa ashe kyamarar ta fara biyan kanta.

Daga ranar tsakar gidan ta mutu. In na duba sai kaji. In Inna ta fito, cikin hijabi take har ƙasa, ta wuce da sauri kamar mai tsallake titi. Ba shara a gaban ɗaki sai da duku-duku, ba zaman tabarma, murhu ba hayaƙi. Na kira na tambaya, ta ce lafiya lau, sanyi ne ya fara shigowa. Na ce a raina ko ibada ta ƙara tun da ba ka nan. Da na je ƙarshen mako ta dafa mana tuwo a murhunta kamar kullum, sai dai da hijabin. Na ga wasu duwatsu uku da toka a bayan rumbuna, na tambaya, ta ce iska ce take mayar mata da hayaƙi ɗaki shi ya sa wani lokaci take komawa can. Na yarda. Na koma Funtua har ina gaya wa Yaya komai na tafiya daidai.

Ashe rayuwarta gaba ɗaya ta kwashe ta mayar bayan rumbuna, inda kyamara ba ta kaiwa. Can take girki, can take ci, can take wanke-wanke. Famfon da take so yana tsakiyar idon kyamara, ba za ta tsaya a gabansa ta naɗe hannun riga ta wanke ƙafa ba. Sai ta ciro tsohon gugan nan naka, ta ture murfin rijiya, ta koma ja da hannu.

Ranar wata Laraba da hantsi santsin bakin rijiya ya kwashe ta. Ƙashin kwatangwalo ya karye. Maɓallin yana rataye a ƙusa cikin ɗaki, ta cire shi don kada ya jiƙe ya lalace. Ta yi kira, amma ka san bayan rumbunan nan, katangar gonar Kawu ce kawai a wajen, kuma kowa yana gona ana girbi. Tana kwance a cikin laka rana ta tako ta, ta wuce ta kanta. Sai bayan la'asar Gwaggo Asabe ta shigo ta same ta, leɓɓanta sun bushe, muryar ta tafi.

Ka san abin da yake hana ni barci? Na duba wayar a ranar. Na duba da tara, na duba da aka tashi, na duba bayan na yi azahar. Na ga tsakar gida fes, kaji na kiwo, inuwar darbejiya ta faɗo a ƙofarta. Na ce Allah sarki Inna, tana hutawa. Tana nan bayan rumbu tana kiran sunana, ni ina kallon gidan ina jin daɗi.

Daga asibitin Malumfashi aka tura mu Kaduna, aka yi mata tiyata aka sa ƙarfe. A barandar asibitin ne Gwaggo ta fasa mini ƙwan. Ta ce ita tun tuni ta sani, Inna ce ta rantsar da ita kada ta faɗa. Ta wanke ni tas a gaban mutane. Ta ce wace irin 'ya ce za ta ɗauki uwarta ba ɗankwali ta sa a aljihun mijinta? Ta ce boko ya cinye mana kunya, mun rataye suruki a saman zaure yana kallon tsohuwa tana cin tuwo. Nan na zauna a ƙasa.

Da Inna ta dawo hayyacinta na tambaye ta don me ba ta gaya mini ba. Kalma ɗaya, da na cire shi daga wayar a ranar. Ta juya fuska bango. Ta ce yaron nan ya hau rufi cikin rana saboda ita, da wane baki za ta ce ya daina dubanta? Kuma ta yaya za ta buɗe baki ta yi mini zancen mijina ya gan ta a haka? Na ce to da ta yafa wa abin tsumma. Ta ce ai ta ji abin da yayanmu ya ce, ranar da aka rufe, ranar za ta bar gidan. Ka gani, Baba? In ta rufe, Kaduna. In ta zauna a gabanta, kunya. Sai ta zaɓi bakin rijiya. Mu muka sa ta a tsakiyar nan, muna ta yi wa juna barka.

Baban Ummi da ya ji, ban taɓa ganin namiji ya yi irin kukan nan ba. A take ya goge abin daga wayarsa. Har aka sallame ta bai iya shiga ɗakin ba, daga baranda yake durƙusawa ya gaishe ta ya tashi. Na yi kwanaki ba na yi masa magana. Daga baya na rasa laifin me zan kama shi da shi. Akuya ya gani tana ɓarna ya faɗa. Na koma jin haushin Yaya da sharaɗinsa, na koma jin haushin Gwaggo da ta riƙe rantsuwa ta bar tsohuwa da guga. Har kai na ji haushinka, Allah Ya yafe mini. Da kana nan, kallo ɗaya za ka yi wa abin nan ka tambaya wa da wa ke gani, magana ta ƙare.

Akwai kuma abin da na gane a zaman jinyar nan, ban taɓa gaya maka na lura ba. Duk kayan da na jibge a gidan, aikinka ne nake ta rarraba musu. Kai kake riga ta fitowa da asuba ka haska mata tocila. Kai kake cika mata randa kafin gari ya waye don kada maƙwabta su ga Malam na jan ruwa, ka ɗauka ba mu sani ba, mun sani sarai. Kai kake cewa ta sha maganinta, ta ce ta sha, ka ce ƙarya ne. Kai kake zaune bakin turaka kana gyaran igiya, rabin idonka na kanta. A gabanka take tuɓe ɗankwali ba ta ji komai ba. Ban taɓa ce maka na gode da yadda ka riƙe uwarmu ba. Ba a faɗar irin wannan a gidanmu. To na gode, Baba.

Likita ya ce ko ta warke sai da sandar nan mai ƙafa huɗu, kuma zaman kaɗaici ya ƙare mata. Na jira Yaya ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya dafa kafaɗata ya ce na yi iyakar yina. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tana gidansa yanzu. Kada ka damu da riƙo, matarsa Anti Maryam tana yi mata abin da ko ni sai haka. Ɗaki mai tayil, gado mai laushi, banɗaki a ciki. Inna tana gode wa kowa. An kawo ruwa ta gode, an buɗe taga ta gode. Ba ta yi wa kowa faɗa, ba ta neman komai, loma uku ta ce ta ƙoshi. Matar da kaji ma ba su tsira daga bakinta ba. Zannuwanta duk sun yi mata yawa. Abin da ka faɗa ne yake faruwa a gaban idona, kuma ba ni da yadda zan yi.

Ni aka tura Ƙarfi in rufe gidan. Na kai wa Gwaggo kajin da akuyar, na kwashe sauran masara, na sa kwaɗo a ɗakinta da turakarka. Sannan na jingina tsani a zaure. Niyyata in fizge kyamarar nan in jefa ta rijiya in ji ƙararta. Ƙafata na kan tsani Yaya ya kira. Ya ce Inna ta ce kada a taɓa ta. Wai ta tambaye shi, abin da ya iya kai ta Funtua, ba zai iya kawo mata gidan Kaduna ba? Na sauko. Ya saya mata waya mai faɗi, ya haɗa mata da kyamarar, ita kaɗai take gani yanzu.

Na je duba ta satin da ya wuce. Na same ta a jingine da matashi, ta riƙe wayar da hannu biyu dab da fuskarta. Anti Maryam ta ce haka take yini, sai salla kawai ke raba su. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta fara ba ni labarin gida. Ganyen darbejiya ya taru a ƙofar ɗakinta ba mai sharewa. Ƙyauren madafi ya karkace. Kurciyoyi sun samu wuri, sun cika bakin famfo. Tana faɗa tana nuna mini da yatsa, kamar ni ce baƙuwar.

Can sai ta tambaye ni ko abin yana kai murya. Na ce yana kaiwa, akwai inda ake dannawa, ba mu dai taɓa amfani da shi ba. Ta ce in danna mata. Ta ce bai kamata gida ya daɗe ba a yi sallama a cikinsa ba, haka gidaje suke zama kango. Na danna na riƙe mata. Ta gyara zama da ƙyar, ta jawo mayafinta ta rufe kai sosai, ta yi gyaran murya. Ta yi sallama.

Kurciyoyin suka tashi fir. A wayar muka ga tashinsu. Ta yi shiru tana jira, irin jiran da ake yi a ƙofar gidan mutane. Ta sake yi, ta ɗaga murya kaɗan. Ta jira. Ta yi ta uku. Ni ina riƙe da wayar, ina kallon ƙofar turakarka da kwaɗon da na sa da hannuna, kuma wallahi, Baba, ni ma jira nake yi.

Sannan ta ture hannuna a hankali. Ta ce in kashe mu koma, masu gidan ba sa nan.

Ban riƙe maka ita a ɗakinta ba, Baba. Na yi duk abin da na iya, abin da na iya ɗin ne ya fitar da ita. Ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Inna haƙurin da ni na kasa samu. Sai mun zo.

'Yarka da ka bar wa amana,
Saude